Tsumman da Kawu ya bari a bakin inji

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, mai ofis da mai baƙin mai a farce. Kawu ya riga mu. Allah Ya jiƙansa Ya ba shi hutu, don a nan dai ban ga ranar da ya huta ba.

Ni ba marubuci ba ne. Ko sakandare ban gama ba na gudu tasha, yanzu kuma motar jan motoci nake tuƙawa tsakanin Landover da Hyattsville, a nan Amurka. Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne maganganun da na ji a zaman makoki. In na yi shiru, nan da baɗi Kawun da za a riƙa tunawa wani mutum ne daban wanda ban sani ba.

A falonsa na Landover aka zauna, aka ture kujeru jikin bango aka shimfiɗa dardumai. Mutanen Kumasi sun zo da manyan farantan shinkafa da wake. Likitocinmu na Kano sun zo da katin shaidar asibiti rataye a wuya, suna duba agogo. Kowa ya shigo sai ya ce, "Allah sarki, mutum mai haƙuri, ba shi da abokin faɗa." Ƙarya ce. Kawu ba shi da haƙuri, kuma rabin mutanen da ke falon nan ya taɓa korarsu daga gareji. Wani dattijo ɗan Nijar ne kaɗai ya faɗi gaskiya, ya ce, "Wallahi ya taɓa zagina tas a kan filta, amma motar ba ta sake tsayar da ni ba." Shi kaɗai na yarda hawayensa na gaske ne.

Shinkafar ba ta huce ba wani ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Malam, wai baƙar motar nan ta gareji, magada za su sayar kuwa?" Na dube shi har sai da ya tashi ya koma gefe.

Sauran kuma gulmar babban ɗan Kawu suke. Yana tsaye bakin ƙofa cikin baƙar kwat, yana miƙa wa dattawa hannu ba rusunawa. "Ko ɗigon hawaye babu." "Haihuwar nan ce, me kake jira?" "An ce shekaru ba ya magana da uban." Duk na ji. Babu wanda ya san abin da ya shiga tsakaninsu sai ni, don ni ne nake kai saƙo nake kawowa.

Kawu wan mahaifiyata ne. Bakanike ne tun a Kano, ya zo ƙasar nan ya ci gaba da abin da ya iya. Ya kama hayar rumfa guda a wani gareji a Hyattsville, bayan wani kantin kayan abincin Afirka. 'Ya'yansa biyu, duk a nan aka haife su, babban namiji, autar mace.

Duk motar da aka kawo masa, ko da fitila ce ta mutu, akwatin iska yake fara buɗewa. Tun kafin ya amsa gaisuwar mai motar. Zai zaro filta ya ɗaga ta sama ya saita ta da hasken ƙwan lantarki. In haske bai ratso ba sai ya juyo ya dubi mutum kamar wanda ya kama da sata. "Kai za ka iya gudu da filo a fuskarka?" Yana yawan cewa inji bai cika mutuwa da yunwa ba, abin da ya shaƙa ne ke kashe shi.

Amma Kawu bai taɓa jefar da filta ba in dai ba ta yage ba. Haka suka koya a gida. A buga ta a jikin taya, bum bum, sannan a sa mata bakin kwamfaresa a fece ƙurar, a mayar. A Kano a fili ake yin wannan, gindin bishiya, iska ta kwashe. A nan kuwa sanyi yake sa a sauke ƙofar gareji ƙirif, shi kuma yana ciki yana fece filta, yana fece birki, ƙura tana yawo a hasken ƙwai kamar hayaƙi. Akwai takunkumi rataye a ƙusa. In na nuna masa sai ya ce, "Wannan na masu fenti ne." Mutumin da zai zage ka a kan abin da motarka ta shaƙa bai taɓa tambayar abin da shi yake shaƙa ba.

Alherinsa ba ya zuwa da magana. Lokacin da aurena ya mutu, na koma kwana a cikin motar aikina, ban gaya wa kowa ba. Wata safiya na kawo masa mota, ya dubi rigata, ya dubi bargon da ke bayan kujera, ya kau da kai. Ya ce, "Ɓarayi sun fara yawa a layin nan. Gareji yana son mai gadi." Da na shiga ɗan ɗakin baya na tarar da katifa sabuwa da hita. Kullum da safe filas ɗin kunu yana kan benci. Har na samu ɗaki na tashi bai tambaye ni me ya raba ni da matata ba, kuma har ya mutu bai ambaci katifar nan ba. In ka gode masa ma haushi yake ji.

To haka ya yi wa ɗansa, kuma a nan ne abin ya ɓaci.

Kowa ya san kunyar ɗan fari. Kawu ya riƙe ta yadda ya tarar da ita. Ba ya faɗin sunan yaron, ba ya ɗaukarsa, ba ya yi masa magana kai tsaye in da yadda zai kauce. "Wancan" yake ce masa. A gida wannan ba komai ba ne, don akwai kaka, akwai baffa, akwai gwaggo, gida cike da masu ɗaukar yaro su kira sunansa har ya gaji, kuma yana ganin haka ake yi wa ɗan farin kowa. A nan ɗaki biyu ne da falo. Babu kaka, babu gwaggo. Uwar tun yaron yana ƙaramar makaranta ta ajiye tata kunyar, ta ce ita ba za ta iya ba. Abin da yaron ya tashi yana gani shi ne ubansa yana kiran ƙanwarsa da sunanta, yana ɗora ta a cinya, shi kuwa wancan.

Ranar da yaron ya gama jami'a Kawu can baya ya tsaya, kafin a fara hotuna ya ja ni muka fito. Sai da muka hau babban titin Beltway ya ce, "Wancan ya yi ƙoƙari." Na kai saƙon. Yaron ya ce da Turanci, don yana jin Hausa amma ba ya mayarwa, "Shi bakinsa ciwo yake?" Na yi masa bayanin al'ada. Ya ce ya sha jin bayanin nan.

Ankul yake ce mini, alhali ni taubashinsa ne. Na sha gaya masa, "Kai bawana ne, ka daina tsofar da ni." Sai ya yi dariya ya ce, "To, Ankul."

A shekarar ne Kawu ya sayo motar a gwanjo. Baƙa, ƙofa biyu, silinda takwas, irin motocin Amurkan nan masu faɗin ƙirji da in suka tashi sai ka ji a cikinka. Gabanta a ragargaje. Ni na jawo ta. Na ce, "Kawu, kai da ka ƙare rayuwarka a kan ƙananan motocin Japan, me za ka yi da wannan dodon?" Ya ce, "Na ga wancan yana yawan kallon irinta a waya."

Wannan ne lokacin da ya fi kowanne daɗi. Duk Asabar yaron zai zo daga Greenbelt, inda ya samu aikin kwamfuta, ya sa tsohuwar riga, su shiga ƙarƙashin mota. Aikin gareji ba ya bukatar suna. "Miƙo sifana sha uku." "Riƙe nan." "Taka birki." Kawu ya samu hanyar yi wa ɗansa magana ba tare da ya karya komai ba. Har na taɓa ganin sun sha lemo a kwalba ɗaya.

Da motar ta tashi sai maganar iska ta taso. Yaron ya zo da waya cike da bidiyo, yana son a cire akwatin iskan kamfani a sa na zamani. Mu uku muna tsaye a gaban bonet, amma Kawu ni yake kallo.

"Tambaye shi wane iri."

"Ankul, ina jinsa fa. Ga ni tsaye."

Ya nuna iri biyu. Ɗaya gajeren bututu ne da filta mai kamar mazurari a buɗe kusa da inji. Ɗayan dogo ne, yana lanƙwasa ya sauka ƙasa bayan bamba, don ya jawo iska mai sanyi. Duka biyun filtarsu ta yadi ce da ake wankewa a shafa mata mai.

Kawu ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa. Ya ce, "Gajeren nan ƙara ce kawai. Bakinsa yana cikin zafin inji, iska mai zafi zai sha. Ka sayi ihu ka rasa ƙarfi."

"Shi ya sa nake son dogon," in ji yaron.

"Ka gaya masa dogon ba ƙarya ba ne. Iska mai sanyi ta fi nauyi, inji yana sonta. Amma ya duba inda bakin yake." Ya durƙusa ya auna da tafin hannunsa daga ƙasa. "Nan. Garin nan in aka yi ruwan bazara, ya san yadda hanyoyin bakin rafi suke zama. Sannan yadin nan mai mai. In man ya yi yawa ya shafi sansa mai auna iska, mota ta fara ƙaryar lissafin iska. In ya yi kaɗan ƙura ta wuce. Takarda ba ta da wannan rigimar. Akwatin kamfani a rufe yake, daga gefen fitila yake jan iska, sama da ruwa, nesa da zafi. Waɗanda suka ƙera motar ba mahaukata ba ne."

"Za ta ƙara ƙarfi, Baba."

"Ƙarfin a ina zai kai shi? Beltway? Mutum ya tsaya a cunkoso da ƙarin ƙarfi?"

Na yi dariya, yaron bai yi ba. Ya ce motar tasa ce ko ba tasa ba ce? Kawu ya ce mini, "Tasa ce." Ya koma aikinsa.

A wani gareji yaron ya kai motar aka ɗaura masa dogon. Gaskiya motar ta yi murya. In ya taka ta sai ka ji kamar ana zuƙar duniya ta cikin bututu. Kawu ya ji ta daga nesa, ya ɗauki tsohon akwatin kamfanin da yaron ya dawo da shi ya jefar a kwandon shara, ya goge shi ya ɗora a kan kantar kaya.

Wata la'asar cikin bazara aka yi ruwan nan mai zuwa lokaci guda. Waya ta shigo. "Ankul, mota ta mutu." Na same shi a wata gangara kusa da rafi, yana tsaye ruwa har ƙaurinsa. Ƙananan motoci suna wucewa ta gefensa lafiya lau. Tasa ce kaɗai ta sunkuya ta sha.

Na jawo ta gareji. Kawu ya buɗe bonet. Ya kwance fulogai, ya ce in juya inji. Ruwa ya yi tsartuwa daga ramukan har rufin kwano. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Fistin ya taso da ƙarfinsa ya tarar da ruwa, ƙarfen da ke riƙe da shi ya lanƙwashe. Aikin Asabar ɗin nan duka ya tafi.

Yaron yana tsaye yana ɗiga, yana jiran faɗa. Na rantse so yake a yi masa faɗan. Kawu ya goge hannu, ya juyo wajena.

"Ka tambayi wancan ko ya ji ciwo."

Yaron ya zagaya ya tsaya a gaban ubansa. Da Turanci ya fara. "Ka zage ni mana. Ka kalle ni ka zage ni. Ka ce ka gaya mini." Sannan ya haɗa 'yar Hausarsa ta yara, "Baba, ni ne. Ina nan."

Kawu ya sunkuya ya ci gaba da leƙen ramin fulogi. Yaron ya ajiye makulli a benci ya fita cikin ruwan.

Daga ranar bai sake taka garejin ba. Gidan ma sai ya tabbatar uban ba ya nan yake zuwa gaida uwarsa. Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo.

A tsakanin nan tarin Kawu ya canza. Da sai da safe, ya koma ba dare ba rana. Ya fara hutawa a tsakiyar matakala. Wani likita ɗan garinmu ya matsa masa aka yi hoto, aka ce huhun ya yi tabo, ya ƙandare, ba ya buɗewa, kuma ba gyara sai lallaɓawa. Suka tambaye shi irin aikin da yake yi, da ya faɗa suka dubi juna. Ya dawo gida da tulun iska da siririn tiyo a hanci. Aka ce ya bar gareji. Ya sallami masu kawo gyara, ya daina taɓa duk abin da ke fid da wuta saboda tulun, amma rumfar bai sake ta ba. Ya ɗaure tulun a kan tsohuwar kurar kayan aiki yana jansa a baya.

Injin nan ya sauke. Ni nake ɗaga masu nauyi, shi yana zaune a kujerar roba yana wanke ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. Aikin da a da zai gama kafin wata ya ƙare, sai da sanyi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Zai ɗaure noti guda ya jingina ya yi ta haki. Na ce, "Kawu, wa kake yi wa? Mai motar ko tambayarta ba ya yi." Ya ce, "Miƙo sha uku."

Da ya gama haɗawa sai ya sa autarsa ta sayo masa kaya ta waya. Kwali ya iso, ya ce in buɗe. Dogon bututun nan ne, sabo, irin wanda ya kashe injin, har da wata rigar filta da aka ce tana rage shigar ruwa. Kawu ya juya shi a hannu ya taɓe baki. "Mummunan abu." Ya mayar cikin kwali ya ce in ɗora a kanta, gefen tsohon akwatin kamfani. A cikin akwatin ya sa filtar takarda sabuwa fil. Ban taɓa ganin ya sayi sabuwa alhali tsohuwa ba ta yage ba.

Bai ɗaura ko ɗaya ba. Ya yago ƙyalle daga wata tsohuwar rigarsa, ya cusa a bakin da iska ke shiga inji, yadda bakanike yake yi don kada wani abu ya faɗa. Ya sauke bonet.

"Ka gaya wa wancan motarsa ta haɗu, saura numfashi. Ya zo ya zaɓa. Duk wanda ya ɗauka ni zan ɗaura masa."

Na tafi Greenbelt. Na fara da wasa, na ce, "Bawana, ubangidanka ya zo, ba ko ruwa?" Ya kawo ruwan. Na faɗi saƙon kalma da kalma, na gaya masa har dogon bututun an saya. Ya daɗe yana kallon taga. Sannan ya ce, "Ankul, na gaji da ji daga bakinka. Yana da lambata. Ya kira ni, ya faɗi sunana, ya ce in zo. Sau ɗaya. Wallahi kafin ya ajiye waya ina hanya."

Na ce, "Ubanka ba shi da lafiya. Ba irin ciwon da ake warkewa ba ne."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa nake so in ji."

Na kawo wa Kawu. Ranar ce kaɗai na taɓa ɗaga masa murya.

"Kawu, suna ne fa. Kai ka raɗa masa shi. Liman ma ya ce al'ada ce, ba addini ba."

"Na san ba haramun ba ne."

"To mene ne?"

"Bakina ne ba ya iyawa." Ya gyara tiyon hancinsa. "Ni ma ɗan fari ne. Har ubana ya koma ga Allah ban ji sunana a bakinsa ba. Kuma na san yana sona."

"Ka ji daɗin hakan?"

Sai ƙarar tulun nan, tsss, tsss.

"Fita," in ji shi.

Matarsa ta roƙe shi, ta roƙi ɗan. Autar ta yi kuka a nan, ta yi a can. Ni na yi ta zirga-zirga a Beltway kamar mahaukaci. Kowannensu yana da waya a aljihu. Wata rana na shiga gareji na tarar da Kawu riƙe da tasa, yana kallonta. Da ya gan ni ya ce lokacin salla yake dubawa.

Da sanyin bana ya kama, ciwon ya taso gaba ɗaya. Aka kai shi asibiti da safe, kafin azahar sun zura masa tiyo ta baki har maƙogwaro. Autar ta kira wanta, ya baro ofis ya zo a guje. Ina ɗakin. Ya durƙusa gefen gado, durƙuson da mutanen falo suka ce bai iya ba, ya kama hannun uban ya ce, "Baba, na zo." Kawu ya buɗe ido ya dube shi. Wannan karon bai kau da kai ba, bai neme ni ba. Leɓensa ya motsa a jikin tiyon. Kada wani ya tambaye ni me ya so faɗa. Ko sunan ne, ko kalmar shahada, ko ciwon tiyon ne kawai, ban sani ba. Ba a cire tiyon ba sai da rai ya fita.

Ranar sadakar bakwai matar Kawu ta ja ni kicin. Ta ce, "Don Allah ka ce masa ya taɓa faɗa a gabanka. Ka ce a gareji ne, yana aiki. Wa zai ƙaryata ka?" Na ce, "Inna, zan gani."

Washegari da safe ana yayyafi yaron ya kira ya ce in buɗe masa garejin. Kujerar robar tana inda take. Kurar tana gefe babu tulu, masu shi sun karɓe abinsu. Takunkumin yana ƙusarsa. Ya ɗaga bonet ya daɗe yana kallon injin, fes kamar ba a taɓa kunna shi ba. Ya taɓa tsumman, ya gane rigar.

Na nuna masa kanta. Ya sauko da kwalin, ya juya shi ta kowane gefe, ya leƙa ciki, ya duba ƙarƙashin akwatin kamfanin. Na san abin da yake nema. Babu rubutun komai. Kawu ba zai rubuta abin da bai iya faɗa ba.

"Ankul, ya taɓa faɗa? A gabanka, ko ba na nan?"

Na tuna Inna. Na kuma tuna cewa tun da na fara ɗaukar saƙo tsakaninsu ban taɓa ƙara wa maganar Kawu ko kalma ba. In na ƙara yau, duk na baya sun zama abin shakka, har "wancan ya yi ƙoƙari."

Na ce, "Bai taɓa ba. Ko sau ɗaya."

Ya gyaɗa kai.

Na ce, "Abin da na gani shi ne kowane noti da ke jikin injin nan sai da ya huta kafin ya ɗaure na gaba. Kuma bututun nan da ke hannunka, ya tsane shi, ya sa aka sayo."

Ya mayar da bututun cikin kwali. Ya ɗauko akwatin kamfanin, ya zaro filtar, ya ɗaga ta sama ya saita ta da hasken ƙwai. Ban san ko ya san abin da ya yi ba. Ya zare tsumman ya ninke ya sa a aljihun kwat. Ya ɗaura akwatin shi kaɗai, ban miƙa masa komai ba, ya san inda kowace sifana take. Ko nadama ce ta sa ya ɗauki na uban, ko don ana ruwa a waje ne, bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

Na ɗaga ƙofar gareji har sama kafin ya murza makulli. Ta yi tari, ta kama. Ba ihun nan na da, sai gurnani a ƙasa ƙasa, daidai, babu ko gargada. Muka tsaya muna ji. Idonsa a bushe.

Ya shiga ya ja ƙofa, ya sauke gilashi. Da Hausa ya yi maganar, a hankali, yana neman kalmomin.

"Yaya. Ka gaya wa wancan na zaɓa."

Ya fita da ita cikin yayyafin.

To ga amsar mai tambaya, motar ba ta sayarwa ba ce. Masu cewa yaron bai yi kuka ba, ku je ku ƙirga 'ya'yanku na fari da ke zaune a garin nan, ku ga wanda ya taɓa jin sunansa a bakinku. Ba na cewa Kawu ya yi daidai, ba na cewa ɗansa ya yi daidai. Mutum biyu ne masu taurin kai iri ɗaya, ɗaya ya mutu, ɗaya zai rayu da abin.

Ni kuma an bar ni da saƙo. Duk wanda aka ba ni a tsawon shekarun nan na isar, ban rage ba ban ƙara ba. Wannan na je da shi maƙabarta ranar Juma'a, na tsaya a kan ƙasar da ba ta gama kwanciya ba, na yi masa addu'a, na faɗa da ƙarfi yadda aka faɗa mini. Na jira kamar yadda na saba jira ya goge hannu ya ba ni amsar da zan mayar. Sai ƙarar motoci daga babban titi.

Ya Allah, Kawu ya zo maka da ƙirji a toshe. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka yafe masa abin da ya faɗa da abin da ya kasa faɗa. Mu da muka rage, Ka buɗe mana baki tun muna da numfashi.